Yadda ake buga haidirojel mai gane tsamin ciki domin ya riƙe magani har ya kai hanji

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai zanen lalle a gidan biki cikin birnin Zazzau ya riga ya ga rabin aikin da zan bayyana a nan. Takan kwaɓa lallen, ta ɗura shi cikin 'yar leda mai tsinin baki, ta matsa a hankali, sai zare ya fito ya kwanta a bayan hannun amarya, bai baje ba kuma bai tsinke ba. In kwaɓin ya yi ruwa zanen ya cakuɗe, in ya yi tauri bakin ledar ya toshe. Buga haidirojel da firintar 3D haka yake, sai dai sirinji ne a madadin leda, inji kuma a madadin yatsu. Ɗaya rabin aikin, wanda ya fi wuya kuma ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne a tabbatar cewa abin da aka buga yana sauya halinsa idan yanayin da ke kewaye da shi ya sauya, kuma cewa wannan sauyin ne ke juya akalar fitar maganin.

Haidirojel raga ce ta dogayen zarurrukan folima, wato sinadari mai siffar doguwar sarƙa, da aka ƙulla da juna, wadda take shan ruwa mai yawa ta riƙe shi ba tare da ta narke ba. Tun 1960, lokacin da Otto Wichterle da Drahoslav Lím suka wallafa aikinsu a ƙasar Cekoslobakiya, wanda daga baya ya haifar da tabarau mai laushi da ake mannawa a ƙwayar ido, ake amfani da irin wannan raga a harkar lafiya. Bugun magani da firinta kuwa ya samu karɓuwa a hukumance a 2015, sa'ad da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Spritam, maganin farfaɗiya, ko da yake shi da gari ake buga shi, ba da jel ba. Abin da ke ƙasa aikin ɗakin gwaji ne zalla. Babu ƙwayar da za a buga ta wannan hanya da ta cancanci a ba mutum ya haɗiya, kuma ko dabba ce za a gwada a kanta sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Zuwa kasuwa kuwa yana hannun NAFDAC.

Mataki na farko: zaɓen abin da jel ɗin zai riƙa ji

Jel na iya jin zafi, ko tsami, ko haske, ko yawan sukari a jini. Shawarata ga mai farawa a Zariya ita ce ya ɗauki tsami, wato pH, ma'aunin da ƙaramar lambarsa ke nufin tsami mai yawa, kuma ya ɗauki aljinet. Cikin mutum mai azumi tsaminsa na tsakanin 1 da 2, ƙaramin hanji kuma yana wajen 6 zuwa 7 da ɗoriya, saboda haka jiki da kansa ya tanadi sauyin da ake buƙata. Aljinet daga ciyawar teku mai launin ƙasa ake samunsa, kuma zarurrukansa na ɗauke da gaɓoɓin asid waɗanda ke sauya hali a wajen pH 3.5. A ƙasa da haka gaɓoɓin na rasa cajinsu, zarurrukan su matso kusa da juna, jel ɗin ya tsuke. A sama da haka cajin ya dawo, zarurrukan su riƙa ture juna, ruwa ya kutsa, jel ɗin ya kumbura har ya fara zaizayewa.

Akwai dalilai biyu na gida da suka sa na fifita shi a kan jelatin, wanda rubuce-rubucen ƙasashen sanyi suka fi ambata. Na ɗaya, jelatin shi ne abin da ke sa farfesun ƙafar saniya ya daskare idan ya kwana, kuma yana narkewa a wajen digiri 30 zuwa 35. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a Samaru kan haura digiri 35, tawadar jelatin, wato kwaɓin da firinta ke bugawa, ruwa take komawa tun kafin a gama hawa na biyu. Na biyu, jelatin da yawa da ake sayarwa daga fatar alade ake yinsa, kuma maganin da ake fatan wata rana ya shiga bakin mutanenmu bai kamata a gina shi a kan abin da za su ƙi ba.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ana buƙatar garin sodiyam aljinet, garin metilselulos mai kauri (irin wanda aka rubuta 4000 a jikin robarsa), kalsiyam kulorayid, asid haidirokulorik, fotasiyam fosfet mai haidirojin biyu, sodiyam haidiroksayid, da ruwan distil. Kada a kuskura a yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse, domin kalsiyam ɗin da ke cikinsa zai fara ƙulla aljinet tun a cikin bika, a samu gudaji. Sai sikeli mai auna miligiram, mitar pH, na'urar juya ruwa mai maganaɗisu, firij, bahon ruwan ɗumi mai riƙe digiri 37, da sifektirofotomita, na'urar da ke auna yawan magani a ruwa ta hanyar hasken da yake sha. Sassan harhaɗa magunguna da na kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Basawa, su ne wuraren da mai bincike a garin nan zai fara neman izinin amfani da manyan na'urori.

Firinta ba sai mai tsadar nan ta ɗakunan gwajin Turai ba. Firintar roba ta gama-gari, kamar Ender 3, ana iya cire kanta mai zafi a ɗaura mata abin tura sirinji. Masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun saki zanen irin wannan kai kyauta da sunan Replistruder, kuma firintar da kanta za ta iya buga sassansa kafin a sauya ta. A tanadi sirinji mai mililita 10 mai bakin murɗawa, da allurai marasa tsini lamba 20 da 22. Ramin lamba 20 kusan milimita 0.6 ne, na lamba 22 kuma kusan 0.41. In an samu baki na roba mai siffar mazurari ya fi, domin tawada mai kauri ta fi saurin wucewa ta cikinsa. A ƙarshe, a haɗa firintar da inbata ko batir. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu, tawadar da ke cikin sirinji tana ci gaba da tsiyaya saboda matsin da ya rage, ta yi tudu a wuri guda, kuma wannan ƙwayar ta tashi daga aiki.

Mataki na uku: kwaɓa tawada

Aljinet shi kaɗai a kashi 3 cikin 100 bai iya tsayawa. Yana fita daga allura sai ya malale. Metilselulos ne ke ba shi jiki. Haɗin da aka daɗe ana amfani da shi wajen irin wannan bugu shi ne aljinet kashi 3 da metilselulos kashi 9, kuma daga nan ya kamata a fara kafin a yi wani gyara.

Domin mililita 20, a fara narkar da maganin gwajin a cikin ruwan distil. Idan farasitamol ne, miligiram 200 ya isa, wato miligiram 10 a kowace mililita, domin abin da ruwa ke iya narkarwa a zafin ɗaki bai wuce wajen miligiram 14 a mililita ba. Sai a kunna na'urar juyawa har ruwan ya yi rami a tsakiya, a riƙa barbaɗa giram 0.6 na aljinet kaɗan-kaɗan a gefen ramin, kamar yadda ake barbaɗa kuka a miya. Wanda ya juye garin gaba ɗaya zai samu ƙulalai masu laushi a waje, busassu a ciki, waɗanda za su yini ba su narke ba. A rufe bikar da leda a bar ta tana juyawa sa'o'i da dama har ruwan ya yi sumul. Daga nan a zuba giram 1.8 na metilselulos, a ajiye na'urar, a tuƙa da cokalin ƙarfe kamar ana tuƙa tuwo, domin maganaɗisu ba zai iya juya wannan kauri ba. Metilselulos a sanyi ya fi shan ruwa, don haka a rufe a sa a firij ya kwana.

Washegari a ɗura tawadar cikin sirinji ta baya, a kuma kori iska. Wannan wuri ne da ba a gaggawa. Kumfa guda ɗaya ta isa ta yanke zare a tsakiyar hawa, kuma iskar da ke cikin sirinji tana matsuwa kamar sifirin, ta sa tawada ta yi jinkirin fitowa a farko sannan ta ƙi tsayawa a ƙarshe. Inda akwai santirifuj, na'urar da ke wujijjiga abu da gudu, a toshe bakin sirinjin a juya shi 'yan mintoci kumfar ta taru a sama. Inda babu, a tsayar da sirinjin a firij dare guda. Kafin bugu a fito da shi ya huce zuwa zafin ɗaki, a kuma rubuta zafin ɗakin a littafi, domin kaurin tawada na bin zafi.

Gwajin da nake sa kowa ya yi kafin ya kusanci firinta shi ne na zare: a ɗaga sirinjin sama a matsa da hannu a hankali. Idan tawadar ta fito ɗigo-ɗigo, ta yi ruwa, a ƙara metilselulos. Idan ta fito da ƙyar tana karyewa kamar taliyar da ta bushe, ta yi tauri. Idan ta sauko zare ɗaya santala, ta kwanta a faranti ta riƙe kumburinta, an dace.

Mataki na huɗu: zana siffa da shirya firinta

A manhajar zane irin FreeCAD ko Tinkercad a zana faifai mai faɗin milimita 15 da kaurin milimita 4. Girmansa kusan mililita 0.7 ne, saboda haka idan an cika shi tam zai ɗauki wajen miligiram 7 na farasitamol. A fitar da zanen a matsayin fayil ɗin STL a buɗe shi a Cura ko PrusaSlicer, manhajojin da ke yanka siffa hawa-hawa su rubuta wa firinta umarni.

Abubuwa uku ne ke kayar da mutane a nan. Na farko, manhajar tana ɗauka zaren roba mai faɗin milimita 1.75 take turawa, alhali yanzu bakin sirinji ne mai faɗin kusan milimita 14.5. Dole a auna cikin sirinjin da kalifa, ma'aunin faɗi, a rubuta wannan adadi a gurbin faɗin zaren. Bambancin fili tsakanin da'irorin biyu ya kusa ninki 69, kuma na taɓa mantawa da wannan gyara a ranar da muka fara gwada kanmu na sirinji: cikin ƙiftawar ido tawadar da muka kwana biyu muna haɗawa ta tsiyaye a faranti, allurar kuma ta fice daga mazauninta. Na biyu, firintar da ke aiki da manhajar Marlin tana ƙin tura komai idan kanta bai yi zafi ba, sai an sa umarnin M302 S0 a farkon fayil ɗin, a kuma mayar da zafin kai da na faranti sifili. Na uku, a tabbatar injin na tura abin da aka ce ya tura. A sirinjin da na ambata, tafiyar milimita 1 tana fitar da kusan mililita 0.165, a umarci injin ya tafi milimita 5, a auna abin da ya fito a sikeli, a gyara adadin takun injin har lissafi ya daidaita.

Sauran saiti ga lamba 22: kaurin hawa wajen milimita 0.3, gudu tsakanin milimita 5 da 10 a daƙiƙa, a kashe fanka, a sa firintar ta zagaya siffar sau biyu kafin ta fara domin tawada ta kama gudu. A shirya fayiloli uku masu siffa ɗaya a waje amma cikon ciki dabam: kashi 30, kashi 60 da kashi 100. Wannan shi ne amfanin firinta a kan zuba jel a cikin mazubi, domin gwargwadon filin da ruwa ke taɓawa idan aka kwatanta da girman ƙwaya, gwargwadon saurin fitar magani, kuma raga mai ramuka da yawa ta fi cikakken faifai wannan fili.

Mataki na biyar: bugu

A manna farantin gilashi ko na roba a kan gadon firinta da tef. A sauko da allura har ta kusa taɓa farantin, tazarar da takarda guda za ta wuce da ɗan gogayya. Kafin faifan gaske a buga 'yar raga mai hawa biyu a duba ramukanta: idan murabba'i ne masu kusurwa, lafiya, idan sun zama zagaye ko sun toshe, tawada ta yi yawa ko ta yi laushi, idan zaren na tsinkewa, gudu ya yi yawa ko allura ta yi nisa da faranti. A riƙa sauya abu ɗaya a kowane gwaji, a rubuta.

Hunturu na da tasa matsalar. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Zariya kan bushe ƙwarai, kuma zaren da bai kai rabin milimita ba yana yin ɓawo cikin mintoci kaɗan, hawa na sama ya ƙi mannewa da na ƙasa, nauyin ƙwayar kuma ya ragu tun kafin a auna. Maganinsa mai sauƙi ne: a kewaye firintar da akwatin leda, a ajiye jiƙaƙƙen tawul a ciki, wanda kuma zai tare ƙura. A auna kowace ƙwaya da zarar ta sauka, domin daga nauyinta ake lissafa maganin da ke cikinta. A buga aƙalla shida daga kowane ciko.

Mataki na shida: ƙulla jel da kalsiyam

Abin da ya sauka daga firinta har yanzu kwaɓi ne. In ya shiga ruwa narkewa zai yi. Kalsiyam ne ke mayar da shi jel, domin kowace ƙwayar zarra ta kalsiyam na da caji biyu, tana shiga tsakanin zarurruka biyu ta riƙe su, kamar yadda ƙwai ke zama a ramukan kiret. A narkar da giram 1.47 na kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu a mililita 100, ko giram 1.11 idan busasshe ne. A duba jikin kwalbar, domin rikita su biyun na sauya ƙarfin ruwan. A zuba a hankali ta gefen faranti har ya rufe ƙwayar, a bari minti 10, a tsame, a ɗauraye sau ɗaya da ruwan distil, a tsane a kan takardar tacewa.

A wannan minti goman magani na zurarewa. Farasitamol ƙaramin abu ne, ramukan ragar aljinet sun fi shi girma nesa ba kusa ba, don haka wani ɓangarensa na fita cikin ruwan kalsiyam. Wanda ya zubar da wannan ruwa ya kuma lissafa sakamakonsa a kan miligiram 7 zai ga kamar jel ɗin ya riƙe maganin da tuni ya bi magudana. A ajiye ruwan kalsiyam da na ɗauraya, a auna maganin da ke cikinsu, a cire daga lissafi. In ana so a rage asarar, a narkar da maganin a cikin ruwan kalsiyam ɗin da ƙarfi daidai da na tawada, ta yadda ba shi da dalilin fita.

Mataki na bakwai: gwajin kumbura

Kafin a yi maganar magani, a nuna cewa jel ɗin na jin tsami. A haɗa ruwa biyu. Na ciki: mililita 8.3 na asid haidirokulorik mai ƙarfi a cikin ruwa har lita 1, wanda zai ba da pH kusan 1.2, a riƙa zuba asid cikin ruwa, da safar hannu da tabarau. Na hanji: giram 6.8 na fotasiyam fosfet da kusan giram 0.9 na sodiyam haidiroksayid a lita 1, a daidaita da mita zuwa 6.8. A sa ƙwayoyi uku marasa magani a kowane ruwa a digiri 37, a riƙa tsamo su bayan minti 15, 30, 60, 120 da gaba, a tsane a auna. A cire nauyin farko daga sabon nauyi a raba da nauyin farko. Abin da ake sa ran gani shi ne ƙwayar da ke cikin asid ta tsuke ta yi fari-fari, wadda ke cikin fosfet kuma ta kumbura ta yi laushi har ta fara wargajewa, saboda fosfet da sodiyam na janye kalsiyam ɗin da ke riƙe ragar. A ɗauki hoto kusa da rula a kowane lokaci.

Mataki na takwas: gwajin fitar magani, da tarkon da ke cikinsa

A fara da layin ma'auni, wanda ke mayar da karatun na'ura zuwa yawan magani: a haɗa farasitamol mai ƙarfin maikirogiram 2 zuwa 20 a mililita, a karanta da sifektirofotomita a hasken nanomita 243, a yi wannan dabam ga kowane ruwa. Sai a sa ƙwaya guda cikin mililita 250 na ruwan asid a digiri 37 ana kaɗawa a hankali, tsawon sa'a 2, wanda shi ne lokacin da littattafan ƙa'idar magunguna ke ɗauka a matsayin zaman ƙwaya a ciki, sannan a mayar da ita ruwan fosfet. A kowane lokaci a ɗebi mililita 3, a mayar da mililita 3 na sabon ruwa mai ɗumi, a tace, a karanta, a kuma tuna da abin da aka ɗiba a baya wajen tara lissafi. A gudanar da ƙwaya marar magani a gefe domin a cire abin da folima da kanta ke ƙarawa a karatun.

Wata rana wani ɗalibi ya shigo ofis da takardar zane a hannu, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Malam, jel ɗin ya yi aiki. A asid kusan babu abin da ya fita, da na mayar da shi fosfet sai ya saki duka." Da daikulofenak ya yi gwajin. Na ce masa ya je ya zuba garin daikulofenak tsurarsa cikin ruwan asid ɗin, babu jel babu komai, ya karanta a nanomita 276. Da yamma ya dawo jiki a sanyaye, domin zanen da ya samu kusan iri ɗaya ne da na farko. Daikulofenak asid ne mai rauni da ba ya narkewa a pH 1.2, ko an sa shi a jel ko ba a sa ba, ba zai fito ba. Na ba da wannan labari ne domin kuskuren na da sauƙin faɗawa, kuma zanen da yake bayarwa kyakkyawa ne har mutum ba ya son ya tuhume shi.

Saboda haka kowane gwaji na buƙatar shaidu biyu: maganin tsurarsa a cikin ruwan biyu, da kuma maganin a cikin jel ɗin da ba ya jin tsami, kamar agaros, wanda aka zuba a siffa mai girma ɗaya. Sai abin da ya bambanta ƙwayar aljinet da waɗannan biyu ne za a iya jingina wa jin tsaminta. Farasitamol, wanda ke narkewa a ruwan biyu, shi ne alƙali mai gaskiya, kuma sau da yawa hukuncinsa ba ya da daɗi: kaso mai yawa na fita tun a asid, domin tsukewar jel ɗin kanta tana matso ruwa waje tare da maganin. Wannan sakamako ne na gaske kuma ya cancanci a rubuta shi. Yana nuna cewa aljinet ya fi dacewa da manyan abubuwa irin furotin, kuma ana iya gwada haka da albumin, furotin na jinin saniya, wanda ake karantawa a nanomita 280. Ga ƙananan magunguna kuwa, hanyar gyara ita ce a lulluɓe ƙwayar da wata folima mai suna kitosan, ko a busar da ita a shafe ta da Eudragit L100, abin shafe ƙwayoyin magani wanda ba ya narkewa sai pH ya haura 6.

Masu son gwadawa da rini su yi hattara da shuɗin metilin. Yana da kyau wajen ganin yadda abu ke bazuwa da ido, amma cajinsa na manne wa aljinet, kuma asid ne ke kwance wannan mannewa, don haka yakan fi fita a asid, wato akasin abin da ake nema.

Bayan an tara alƙaluma, a ɗauki kashi 60 na farko na abin da ya fita a gwada shi da lissafin Korsmeyer da Peppas, inda ake zana logaridim na kason da ya fita a kan logaridim na lokaci, gangaren layin ya ba da wani adadi. Ga siffar silinda, adadin da ke wajen 0.45 na nufin magani na ratsowa ne ta ramukan raga, wanda ke wajen 0.89 na nufin kumburar ragar ce ke jan ragama, tsakaninsu kuma duka biyun na aiki. Waɗannan iyakoki an fitar da su ne domin cikakkiyar silinda, saboda haka a yi taka-tsantsan wajen ɗora su a kan faifai mai ramuka. A jera zanen ciko uku a takarda ɗaya a ga ko kashi 30 ya riga kashi 100 sakin maganinsa.

Ajiya

Jiƙaƙƙen aljinet na yin fumfuna da wuri, musamman da damina. A ajiye ƙwayoyi a rufaffen mazubi a firij a yi amfani da su cikin 'yan kwanaki. Busarwa da na'urar daskarewa ta fi riƙe siffa. Shanya a iska na motsar da ƙwayar ta kuma sauya yadda take sakin magani, don haka kada a kwatanta busasshiya da ɗanya. Dafa aljinet a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta na tsinka zarurrukansa ya rage masa kauri.

Ga mai son ya gwada jel mai jin zafi

Mafi sauƙi shi ne Pluronic F127, wanda halinsa akasin na jelatin ne: ruwa ne a sanyi, jel ne a ɗumi. A zuba giram 3 a ruwan sanyi har ya kai mililita 10, a bar shi a firij ya kwana ya narke da kansa, a ɗura a sirinji yana ruwa, kumfa ta tashi sama ba wahala, sannan a bar shi ya kai zafin ɗaki ya daskare. Yana fitar da zare mai kyau ƙwarai, kuma zafinmu ba ya cutar da shi, sai dai babu ƙulli na dindindin a ragarsa, don haka yana narkewa a ruwa cikin sa'o'i. Ya fi dacewa da abin da za a shafa a fata ko a ɗora a kan rauni.

PNIPAM, wata folima da ake haɗawa a ɗakin gwaji, shi ne wanda aka fi sani a wannan fanni. A ƙasa da digiri 32 yana kumbure da ruwa, a sama da haka ya tsuke farat ɗaya ya yi fari ya amayar da ruwansa, kuma da yake zafin jiki 37 ne, sauyin na faruwa da zarar ya taɓa mutum. Ana ƙulla shi da hasken ultirabayolet tare da sinadarin tayar da haɗi, kamar LAP da ke aiki a nanomita 405 ko Irgacure 2959 a 365. Ɗanyen sinadarin da ake gina shi da shi na da guba, don haka bayan bugu sai an jiƙa ƙwayar cikin ruwan distil mai sanyi kwanaki da dama ana sauya ruwan, sannan a tsoma ta cikin ruwan magani a firij ta sha. A bazara ɗakin gwajin da ba shi da na'urar sanyaya iska yakan haura digiri 32 tun kafin azahar, jel ɗin ya dushe ana cikin haska shi, hasken ya kasa ratsawa zuwa ciki. A yi wannan bugu da sassafe bayan asuba, ko a ɗora farantin a kan ƙarfen da aka sanyaya da ƙanƙara, a kuma ajiye ma'aunin zafi a gefen allura ana dubawa har a gama hawa na ƙarshe.